Ketoconazole da ƙyasbin da ya cinye mini baya

Jama'a duk wanda likita ya rubuta mai man nan ketoconazole 2% saboda ƙyasbi ya shirya ma haƙuri, don ni saura kaɗan in jefa shi bola. Ƙaiƙayin kam ya ɗauke da wuri, wannan ba zan ci amanarshi ba, amma farare-fararen tabon da sunka cika mini baya da wuya suna nan daram ko gezau, na shafe bututu guda tas ina duba madubi kullum ba abin da ya canza. Har matata ta fara cewa maigida anya ba jabu anka sayar maka ba.

Haka na koma asibiti raina a ɓace, na ce Dakta maganinka bai yi komai ba. Bai yi gardama ba, ya sa na cire riga ya ɗan kankare wurin ya ce in duba, babu garin nan mai kama da dusa da ke tashi a da. Wai abin da ke kawo ƙyasbin ƙwayar yis ce, wani nau'in naman gwari, mai suna Malassezia, kowa na da ita a fata, zafi da zufa ke sa ta yi yawa ta hana fata yin launinta. Maganin ya kashe ta, launin ne sai ya ɗauki makonni ko watanni kafin ya dawo. To ai da an gaya mini tun farko! Kuma gaskiyarshi, a hankali launin bayan nawa ya haɗe, har na fara yabon man wurin abokai.

Sai bazara ta shigo. Kun san Sakkwato a Afrilu, zafi ya haura 40, ga ba wuta, mutum ya kwana cikin zufa, abin ya sake tsirowa a kafaɗa. Kuma bututun ɗan mitsitsi ne, bayan babban mutum kwana nawa zai yi mai? Ga wani yaron kemis da ya so ya liƙa mini mai haɗin ukun nan da mata ke bilicin da shi, wai duk ɗaya ne, alhali akwai sitiroyid ciki, wani sinadari mai ƙarfi da ke iya lalata fata, likita ya ce kar in kusance shi.

Yanzu shamfu ɗin ketoconazole ya rubuto mini, in shafa a jiki in bari kamar minti 5 in wanke. Shi ya fi mini sauƙi wallahi, man kuma ban ƙara saye ba.