Masu auna hayaƙin kamfani sun zo mana Tahoua

Ni dai na yaba da wani ofishi na Yamai mai auna hayaƙin da kamfani ke saki, don zafin Afrilu a yankinmu na Adar ya fara ba ni tsoro, hayaƙin kuwa na cikin abin da ke ƙara zafin duniya. Masana'antarmu ta ƙanƙara suka duba. Rasitan gazuwal da takardun kuɗin wuta na shekara suka nema, suka nuna mana kowace litar gazuwal na fitar da iskar kabon kusan kilo 2.7. Janareta ne babban mai laifi, sai tsofaffin robobin ƙofar ɗakin sanyi: sanyi na zurarewa, inji na ta wahala. Mun sauya robobin, sola kuwa muna tara kuɗinta. Inda suka gaza, da Faransanci kaɗai suka rubuta rahoton, yaran aikina ba sa karanta shi.