Awa uku a teku don ganin orka

Tun kafin in biya kuɗin zuwa ganin orka, wata ƙatuwar dabbar teku mai launin baƙi da fari, matar da ke yankan tikiti a tashar jiragen ruwa ta Biktoriya, a tsibirin Bankuba na ƙasar Kanada, ta fito fili ta ce mini teku ba gidan zu ba ce, ana iya zuwa a dawo ba a ga komai ba. Wannan gaskiyar tata ce ta sa na amince da su, duk da kuɗin ba kaɗan ba ne.

Na zaɓi ƙaramin jirgi buɗaɗɗe mai ɗaukar mutum 12. Aka ba kowa wata jar riga mai kauri daga wuya har idon sawu, mai tare sanyi kuma mai hana nutsewa. Kada ka raina rigar nan. A watan Yuli ne, rana ƙwal, amma da jirgin ya ɗauki gudu sai da yatsuna suka ƙage.

Fiye da awa guda muna ta yawo. Muka wuce tsohuwar hasumiyar fitila ta Race Rocks, wadda aka fara kunnawa a 1860, inda dabbobin nan masu ƙiba da ake kira sil suke shan hantsi a kan duwatsu. Can sai aka yi wa matuƙin magana ta rediyo, ya karkata, ya ɗan yi tafiya, ya kashe inji.

Kunne ne ya riga ido. Wani huci mai ƙarfi, fuuu, ya ratso shirun, sannan ƙayar bayan wani namijin orka ta keto ruwa a tsaye, baƙa wuluk, tana sheƙi. Ta ƙosasshen namiji kan kai mita 1.8. Su huɗu ne, har da ƙarami manne da gefen uwarsa, tana nutsewa yana nutsewa, farin tabon da ke bayan idonsa na bayyana yana ɓacewa. Wallahi na manta da waya a hannuna.

Jagorarmu ta san aikinta. Ta ce orka dangin dolfin ne, shi ne babbansu, kuma uwa ce ke jan iyali. Waɗanda muka gani masu farautar sil ne, ana kiransu da sunan Michael Bigg, masanin da a shekarun 1970 ya nuna ana iya bambanta kowane ɗaya ta hoton ƙayarsa da tabon toka-toka da ke bayanta. Akwai wata zuriyar a ruwan nan da ta dogara da kifin salmon, yawanta bai kai 80 ba, kuma jirginmu ba ya zuwa wajenta sam. Na ji daɗin hakan ƙwarai.

Mai son ya ga dabba dab da hancinsa zai ji an kwashe masa kuɗi, don matuƙin bai matsa ƙasa da mita 200 ba, kamar yadda doka ta ce. Ni ban ga laifinsa ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne madubin hangen nesa biyu kacal suka tanada ga mutum 12, kuma na baya ba sa jin jagorar idan inji na aiki. Wata baiwar Allah kusa da ni jiri ya hana ta ɗaga kai, ba wanda ya gargaɗe ta ta sha magani kafin a tashi.

Idan Allah ya sake kai ni zan koma, da madubina da safar hannu, kuma kujerar gaba zan nema.