Motar rimot ta gaske: wacce za ka saya idan a Kano za ka tuƙa ta?

Kafin a zo maganar wane kamfani ya fi wane, ka fara raba motar wasan yara da motar 'yan sha'awa, domin a kwali kamarsu ɗaya. Ta yara, da ka taɓa totur sai ta zabura gaba ɗaya, ka saki ta tsaya cak. Sitiyarinta kuma ko ƙurewar dama ko ƙurewar hagu. Ta gaske yatsanka take bi: ka ja kaɗan ta tafi a hankali, ka murɗa kaɗan ta karkata kaɗan. Jikinta duk da kusoshi aka ɗaure shi, kowane ɓangare da lambarsa, in ya karye a cire a sa wani. Ko a Sabon Gari ka gan ta ko a wani babban kanti, ka nemi a kunna maka ka yi wannan gwajin tun kafin ka tambayi nawa ne.

Sai kuma ka tuna inda za ka tuƙa ta. Filayen da galibinmu muke samu filayen ƙwallo ne na unguwa, harabar makaranta, ko fegin da ba a gina ba, duk ƙasa ce da yashi da tsakuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu, a Afrilu zafi ya kai digiri 40, a Agusta ga taɓo. Kayan gyaranta kuma ba irin na babur ba ne da za ka leƙa bakin titi ka samo. Oda ake yi a zauna jira. Saboda haka ni abu uku nake dubawa: giyoyinta a rufe suke? Cikinta ya ɗaga daga ƙasa? In ta lalace, zan iya buɗe ta da kaina?

Motar da ta amsa min duka ukun ita ce Tamiya DT-03, kuma ba na ɓoye cewa ita nake so. Tamiya kamfanin Japan ne da ke birnin Shizuoka, tun 1976 yake ƙera motocin rimot. DT-03 ta fito a 2014 da sunan Neo Fighter Buggy, girmanta 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na babbar mota, tsawonta wajen santimita 40. Tayoyin baya ne kawai suke ja, injin yana can baya, giyoyin kuma duk suna cikin akwati guda da aka rufe ruf. Wannan rufin shi ne abin da ya fi komai daraja a garinmu. Tsakuwa ɗaya in ta shiga tsakanin giyar inji da babbar giya, ta cinye haƙoran ke nan, sai ka ji inji yana kuka mota ba ta motsi. A DT-03 tsakuwar ba ta da ƙofar shiga. Rashin jan gaba ma alheri ne a wurina: babu doguwar sanda a tsakiya, babu akwatin giya na biyu, abubuwan da za su lalace sun ragu sosai. Gaskiya ce a kan yashi bayanta yana zillewa in ka danna totur a kwana, amma nan ne mutum yake koyon tuƙi, domin sai ka iya lallashin totur kafin ta bi ka.

A warwatse take zuwa, cikin ledoji masu alamar A, B, C, da littafin harhaɗawa. Kada wannan ya tsorata ka. Littafin zane ne mataki-mataki, kuma an zana kowace kusa daidai girmanta, sai ka ɗora ta kan takarda ka tabbatar ita ce. Mai haƙuri zai gama a Asabar da Lahadi. Ribar tana zuwa ne daga baya: ranar da ka ji wata sabuwar ƙara daga bayan motar, ka riga ka san abin da ke ciki, don kai ka jera giyoyin, kai ka shafa musu giris. A garin da kai ne bakaniken motarka, wannan sanin ya fi ƙarin gudu amfani. In kana da yaro ɗan shekara goma zuwa sama, ku zauna tare ku harhaɗa. Ya fi a miƙa masa ita a haɗe nesa ba kusa ba. Abu ɗaya ka kiyaye: kusoshin Tamiya na ma'aunin Japan ne da ake kira JIS. Sukudireban da muka saba da shi yana shiga amma ba ya zama daram, in ka matsa sai ya goge kan kusar. Ka yi odar na JIS tare da motar.

Kuɗin kwalin ba shi ne kuɗin motar ba, wannan ka sa shi a lissafi tun farko. Rimot da risiba (na'urar da ke karɓar umarninsa a cikin motar), ƙaramin injin sitiyari, batir da caja, duk daban ake sayensu, wani kwalin ma babu na'urar totur a ciki, wadda ake rubuta ESC, domin abin da ake zubawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. In an haɗa duka, ka yi tsammanin kusan ninki biyu. Rimot na FlySky mai 2.4GHz ya wadatar, na'urar totur kuma Hobbywing QuicRun 1060, wadda ruwa ba ya shigarta. Murfin motar roba ce garai da kai za ka yanke, ta ciki ake fesa mata fenti, kuma fentinta na musamman ne. Na gida ɓarewa yake da zarar robar ta lanƙwasa. Gwangwanin feshi yana wuyar shigowa ta jirgi, don haka in bai samu ba ka manna sitikunta ka tuƙa ta haka.

Ƙarin kaya kuwa, boris ne na farko. Motar da zobunan roba take zuwa a mazaunin boris, kuma ƙura tana cinye su da wuri. Ka sayi boris masu murfin roba, ka sa su tun ranar harhaɗawa don kada ka sake wargaza akwatin giya. Na biyu ƙaramar giyar inji: ta asali alminiyam ce, tana cinyewa a hankali ta zama baƙin gari a cikin giris, sai a sauya ta da ta ƙarfe. Mai haƙori 17 ko 19 ne kawai ke shiga, kuma a zafinmu 17 ta fi sauƙaƙa wa inji. In kwalinka bai zo da shokozoba masu mai ba, su ne na uku. Inji mara buroshi, wato brushless, wanda ake sawa don ƙarin gudu, ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Hannayen taya na alminiyam masu sheƙi, shuɗi da ja, kada su ruɗe ka: na roba in an yi karo shi ke karyewa ka sauya da kuɗi kaɗan, na alminiyam kuwa lanƙwashewa yake ya tura dukan cikin gangar motar. Duk abin da ke waje kada ka shafa masa giris, ƙura yake tarawa. Buroshin fenti da abin hura iska sun isa.

Sauran fa? Traxxas Slash ta Amurka, wadda ta fito a 2008, mota ce mai juriya, amma da dala za ka biya ta, ka biya katon kwalinta a jirgi, ka kuma biya duk abin da ya karye. Arrma ma haka. WLtoys 144001 ta Shantou a China tana da araha, kayan gyaranta sun cika AliExpress, sai dai cikinta a ƙasa yake, injinta kuma zafi yake ɗauka ko a garin sanyi, balle Kano a bazara. Tamiya TT-02 ta kwalta mai santsi ce, ba ta filin ƙwallo ba. Kyosho Mini-Z sai falo mai tayil. Masu injin naitiro kuwa ba fetur ɗin gidan mai suke sha ba, haɗin methanol ne na musamman. In ba ka da hanyar samunsa, ka sayi abin ajiya a kan kanta.

In kun kai ku uku ko huɗu, tsere ya samu. Da 2.4GHz motoci da yawa suna gudu tare ba wadda za ta karɓi umarnin wata, saɓanin tsofaffin rimot masu 27MHz. Ku zana hanya da tsofaffin tayoyin babur ko tiyon ruwa, ku yi yadda ake yi a gasar duniya ta motocin lantarki masu wannan girman: minti 5, wanda ya fi zagaye ya ci. Ku yarda kan inji iri ɗaya da batir iri ɗaya, in ba haka ba aljihu ne zai yi tseren. Ku nemi izinin masu filin, ku fita da sassafe ko bayan la'asar, kuma ku sa babba ɗaya ya tsare yara a gefe, don za su taru, motar nan kuma in ta bugi ƙwauri ba wasa ba ce.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, wato batir da caja. Wani mai sayarwa a intanet ya taɓa haɗo min batirin LiPo, wani nau'in batirin lithium, da wata caja, da rantsuwar cewa na asali ne. Ana cikin caji na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, na tarar batirin ya kumbura kamar alkaki... a'a, ya cika ya yi tsiri har ledarsa ta tsage, a ɗakin da yara ke kwana a gefensa. Da aka auna cajar da mita, ashe wuce iyaka take yi ba ta tsayawa. Tun daga nan caja nake fara dubawa kafin mota.

Ga yadda abin yake. Kowane sel, wato ƙwaya ɗaya a cikin ƙunshin batirin LiPo, 3.7V ne, cikarsa 4.2V, kuma ɗan abin da ya haura wannan yana iya jawo gobara. Batirin 2S sel biyu ne, 7.4V, 3S uku ne, 11.1V. Cajar kirki tana da wurin soka ƙaramar farar wayar nan da ke auna kowane sel daban. Duk cajar da babu wannan, kada LiPo ya kusance ta. Wadda aka fi sani ita ce iMAX B6 ta kamfanin SkyRC, ita ce kuma wadda 'yan jabu suka fi kwaikwaya, har jabun ya cika kasuwannin intanet. Ta asali tana da sitika mai ƙyalli da lambar da ake kankarewa a duba a shafin kamfanin. Ko da sitikar, ka kai cikakken batir wurin masu gyaran waya a Farm Centre ko Beirut su ɗora maka mita. In sel ya wuce 4.2V sosai, ka ajiye cajar. Wani amfanin B6 a nan shi ne da wutar batirin mota ko na sola mai 12V take aiki, ba sai ka jira an kawo wuta ba.

Lambar mAh ma, wato yawan cajin da batir ke riƙewa, ƙarya ake zubawa a kanta. Batirin 2S mai 5000mAh na gaske wajen giram 250 yake yi. In ka ɗaga ka ji shi sakayau, sitika ka saya. Ƙananan motoci masu batir 18650, irin na tocila da kwamfutar cinya, na kirki galibi bai wuce wajen 3500mAh ba, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 9900mAh jabu ne ba tantama. Ka yi caji a kan siminti ko cikin tukunyar ƙasa, da bokitin yashi a kusa, kana wurin, ba a kan katifa ba. Kada ka bar batir a cikin mota a rana. In za ka ajiye shi kwanaki, ka mayar da kowane sel 3.8V, kuma ka tabbatar an saita na'urar totur a kan LiPo don ta yanke wuta kafin ya zuƙe. Wanda ya kumbura ya gama aiki, ba a huda shi, ba a danne shi. Ɗan koyo ni batirin NiMH mai 7.2V, wanda ba na lithium ba ne, nake ba shi shawara: ya fi nauyi, bai kai LiPo ƙarfi ba, amma ya fi yafiya.

Motar kanta ana yin ha'inci a kanta. An ce maka inji mara buroshi ne? Ƙirga wayoyinsa: mara buroshi uku ne, mai buroshi biyu. An rubuta 1/10 a kwali? Nemi tsawonta a santimita, domin ana manna wannan lambar a kan motar da ba ta kai tsawon takalmi ba. An ce duka tayoyi huɗu ke ja? Juya ta ka duba ko akwai sandunan da suka shiga tayoyin gaba. Gudun kilomita 70 ko 80 da ake bugawa a kwalin mota mai arha, talla ce. 'Yar gwanjo kuwa, kada ka karɓa sai da rimot ɗinta, an kunna a gabanka, ka kuma ɗauka batirinta matacce ne ko me aka faɗa maka.

Masu shafukan Instagram da Facebook da ke ɗora hoton kamfani su ce a tura rabin kuɗi, ka ce su ɗauki bidiyon kwalin da takarda mai sunanka da kwanan wata a kai. Wanda ya fara kame-kame, ka rabu da shi. In ta hannun ɗan'uwa mai zuwa Guangzhou ko Dubai za ka yi saƙo, ka ba shi cikakken suna da lambar samfur a rubuce, kada ka ce masa kawai motar rimot mai kyau. Ka gaya masa batirin lithium da ba a cikin na'ura yake ba a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba. Kuma a wannan saƙon ka haɗa da hannayen tayar gaba guda biyu, ledar giyoyi ɗaya, da ƙananan filolin da ke riƙe murfi, don su ne ke fara ɓacewa a cikin yashi.