Na'urar Sauraron Ɗakin Yara: Abin da Na Gani Bayan Gwada Iri Biyu

Tun da muka ware wa yaranmu biyu ɗakinsu, babbar tana da shekara 3, ƙaramin kuma wata 14, hankalina bai ƙara kwanciya da daddare ba, domin ɗakin da nake ɗinki yana can ƙarshen tsakar gida, kuma ƙarar keke da ta janaretan maƙwabta sun isa su danne kukan yaro. Shi ya sa na nemi na'urar nan mai kashi biyu, wadda ake ajiye ɗaya a wajen yara, uwa kuma ta riƙe ɗayan a duk inda take cikin gida.

Wadda na fara saya mai kyamara ce, tana aiki da intanet, tana turo hoto zuwa wayar hannu. Hotonta yana da kyau ƙwarai, ko a cikin duhu ana ganin yaro yana juyi. Sai dai duk ranta yana rataye ne a jikin wutar lantarki: da zarar an ɗauke wuta, kyamarar ta mutu, akwatin intanet ma ya mutu, kuma babu wani gargaɗi da ya iso gare ni. Wani dare na ci gaba da ɗinki ina zaton barci suke, ashe ƙaramin ya daɗe yana kuka, sai yayarsa ce ta lalubo hanya cikin duhu ta zo ta kira ni. Ban da wannan, kyamarar da ke kan intanet ƙofa ce da baƙo zai iya leƙowa ta cikinta idan ba a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ba, kuma ɗakin barcin yara ba wurin sakaci ba ne.

Ta biyun sauti kawai take ɗauka, kamar irinta ta farko a tarihi, wadda kamfanin Zenith na Amurka ya fitar a 1937, amma tana amfani da tsarin da ake kira DECT, irin na wayoyin gida marasa igiya. Philips Avent da VTech da Motorola duk suna ƙera irinta. Kashinta biyu suna magana da juna kai tsaye, babu ruwansu da intanet ko sayen data, kuma ba ta kwaso hirar maƙwabta kamar tsofaffin na'urori masu aiki irin na rediyo. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan sadarwa ta yanke tsakanin kashin biyu, wanda ke hannuna yana yin ƙara nan take, don haka shirunta yana nufin yara na barci ne da gaske.

Kada mai saye ya ruɗu da mita 300 da ake rubutawa a jikin kwali, wannan lissafin fili ne fetal. Masu ƙera su da kansu sukan ce kimanin mita 50 ne a cikin gida, kuma bangon bulon siminti irin namu yana ƙara rage shi. A gidanmu tana kaiwa madafi da ɗakin ɗinki lafiya, amma a zaure takan yanke. Tana da maɓallin da uwa za ta danna ta yi magana, wanda yake yi mini amfani wajen lallashin babbar. Ƙaramin kuwa idan ya ji muryata bai gan ni ba sai kukan ya ƙaru, don haka na daina gwada masa. Sai da na rage ƙarfin jinta, saboda ƙarar fanka kan tashe ta. Ma'aunin zafinta kuma da ƙasashe masu sanyi aka yi lissafinsa, inda a Ingila ake ba da shawarar digiri 16 zuwa 20 a ɗakin jariri, abin da ba ya samuwa a wurinmu a watan Afrilu, dole na kashe gargaɗinsa.

Kafin a biya kuɗi, a buɗe kwali a tabbatar cewa kashin da zai zauna a ɗakin yara ma yana da gurbin batir, domin da yawa kashin uwa kaɗai ke da shi. A kuma duba jikin caja: wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka wadda aka rubuta 100 zuwa 240 ake nema, musamman a kayan gwanjo.

Igiyar wutar ta yi nesa da gadon yaro da aƙalla mita 1, don kada ya jawo ta ta naɗe masa wuya. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, likitocin yara suna ba da shawarar ya kwana a ɗaki ɗaya da iyayensa, kuma na'urar nan ba ta lura da numfashi, kuka da motsi kawai take ji. Tawa na ɗora ta a saman durowa, na manne igiyarta a bango inda hannun ƙaramin ba ya kaiwa.