Kia Picanto mai inji 1.0: abin da ta iya, da masu takara da ita

Ajin ƙananan motoci a kasuwar Turai ya zama fagen da 'yan dambe suka watse. Peugeot 108 da Citroën C1 sun tafi, Volkswagen ta daina ƙera ƙaramar motarta mai suna up! a 2023, har Fiesta da ta ɗan fi su girma Ford ta rufe babinta a shekarar. Babban dalili shi ne ƙarancin riba. Na'urorin tsaro da dokar Tarayyar Turai ta wajabta, irin su birkin gaggawa mai kama kansa, kuɗinsu kusan ɗaya ne a babbar mota da ƙarama, amma mai sayen ƙarama ba ya jure ƙarin farashi. Picanto ta tsira ne saboda tana raba inji da kayan ƙasa da Hyundai i10, tunda tun 1998 kamfanonin biyu gida ɗaya suke.

A tuƙin cikin gari ba a raina ta. Tsawonta kusan mita 3.6 ne, sitiyarinta sakayau, tana shiga gurbin da wata motar za ta wuce. Injin silinda uku ne mai ƙarfin doki 67 a ƙirar kafin 2024, kuma ana jin rawarsa a sitiyari idan mota na tsaye a danja. Da mutum huɗu da iyakwandishan a kunne, hawan tudu sai an sauko giya ta uku, wani lokaci ta biyu. Taimin ɗinsa sarƙa ce, ba bel ba, don haka babu batun canza shi a kan kari, amma sarƙar ba ta son tsohon baƙin mai. Mai yawan gajerun tafiye-tafiye ya riƙa juye mai da wuri, kada ya jira ranar da littafin mota ya sa.

Giya ita ce wurin da mai saye zai tsaya ya yi tunani. Mai sarrafa kanta da aka sa wa ƙirar 2020 zuwa sama giyar hannu ce mai biyar, sai dai kwamfuta ke taka kuloci. Duk sa'ad da za ta canza, ƙarfin inji na yankewa, kan direba ya yi gaba ya dawo kamar mai gyangyaɗi. Dabarar ita ce a ɗan sassauta totur daidai lokacin canjin. A kan gangara kuwa kada a riƙe mota da totur, a ja birkin hannu, in ba haka ba farantin kuloci ne zai yi ta cinyewa. Ni dai ta hannun nake ba da shawara.

But ɗinta lita 255 ne, na i10 lita 252, na Toyota Aygo X lita 231, kuma gilashin bayan Aygo ba ya sauka, turawa ake yi ya ɗan buɗe. i10 ta fi sakin ƙafa a kujerar baya. Garanti a Turai shekara 7 ne wajen Kia, 5 wajen Hyundai.

Barazanar gaske daga sama take zuwa, wato daga motocin da suka fi ta girma. Dacia Sandero, wadda ta fi kowace mota kasuwa a Turai a 2024, but ɗinta lita 328 ne, kuma farashinta ba ya nesa da na Picanto. Mai iyali da ke hawa babban titi kullum ya gwada ta kafin ya biya.