Sharhi kan manhajar pandas wajen ƙidayar daskarewa da narkewa a bangon jan bulo

Daga Aboabo a Kumasi nake aiki wa wani ofishin injiniyoyi na Kanada, masu gyaran tsofaffin gine-ginen jan bulo. Su ne ke kwaikwayon zafi da danshin bango a manhajar WUFI, su turo min sakamakon. Nawa shi ne in zaƙulo lokutan da ƙanƙara za ta iya fasa bulon. Mu da ko a tsakiyar hunturu ruwan randa bai taɓa daskare mana ba!

Bayanan awa-awa ne, layi 8,760 a shekara. Na shekara goma ya kai 87,600, kuma kowane zurfi cikin bangon da nasa. Da pandas, kayan aikin sarrafa bayanai na kyauta a Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) wanda Wes McKinney ya fara a 2008, kafin shayi ya huce an gama karantawa. A nan ba ni da ƙorafi.

Inda aikin yake shi ne me za ka ce masa ya ƙirga. Idan kawai tsallake sifili a ma'aunin zafi na Celsius ka sa, zai ba ka adadi mai tayar da hankali, don ma'aunin kan yi ta rawa tsakanin -0.1 da 0.1 a dare ɗaya, kowace rawa ya lissafa ta zagaye guda na daskarewa da narkewa. Ruwan da ke cikin ƙananan ramukan bulo kuwa ba ya daskarewa daidai a sifili, shi ya sa masu aikin da dama ke ɗaukar -5 a matsayin daskarewa, sama da sifili narkewa. Sannan busasshen bulo bai damu da sanyi ba. Ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara, ɓarna sai bulon ya jiƙe ya wuce iyakar da ramukansa za su iya ɗauka, ƙa'idar da masanin bincike Fagerlund na Suwidin ya shahara da ita. Sharuɗɗan biyu dole su haɗu a awa ɗaya. Da shift da cumsum, wasu umarni biyu na pandas, na ɗaure su a 'yan layuka, har yana fito min da ranar kowane aukuwa.

Koyon pandas na son haƙuri, musamman wajen daidaita kwanan wata. Iyakar jiƙewar kuma ba shi zai ba ka ba, daga gwajin ainihin bulon ginin a ɗakin bincike take fitowa. 'Yan'uwa ɗaliban injiniyanci na KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, masu neman irin wannan aikin daga gida, ku koye shi, amma ku tambayi mai aikin wannan lambar tun kafin ku yi ciniki.