Gargaɗi: ya karɓi dubu 95 a kan kirya, ya sauke min darbejiya

Jama'a, har yanzu raina tafasa yake. Naira dubu 95 na tura wa wani mai sayar da itace a kan a-kori-kura ɗaya ta itacen kirya. Dubu 95!

Kada wani ya ce ban san itace ba. Shekarata 14 ina gashin balangu da banda. Kirya ko a mafarki na santa: nauyi kamar dutse, cikinta ja mai duhu, gatari na tsalle a kanta, garwashinta ya daɗe bai mutu ba, shi ya sa maƙera ke neman gawayinta. Kuma wallahi guntun da ya miƙo min kirya ce. Na ɗaga, na kankare da wuƙa, na shinshina. Ya ce, "Alhaji, ai irinku ba a yi muku bayani." Maganar nan ce ke ta dawo min. Da hannunsa ya zaro guntun daga saman mota, ni kuma ina tsaye ina kallo. Daga sama!

Bayan magariba ya iso, ba wuta a layinmu, wai taya ce ta fashe musu a hanya. A'a, kafin nan ma, tun ranar Litinin ya turo bidiyo ta WhatsApp, na ba da kafin alƙalami dubu 40. Ko Lahadi ce? Cikon dubu 55 a daren na tura, yaransa na ta jibge itace a zaure. 40 da 55, dubu 95.

Ashe layi biyu na sama ne kaɗai kirya. Na ƙasa duk darbejiya ce, an ɓare ɓawon, an goga jar ƙasa a bakin itacen. Ita ma cikinta ja-ja ne, da fitilar waya wa zai bambance? Ranar Alhamis ina wajen sayen nama yarona ya hura wuta da ita. Naman rago guda ya ɗauki ɗaci. Wani dattijo da ya shekara 8 yana saye a wurina ya dawo da ƙunshinsa, bai ce komai ba, ya ajiye ya tafi. Wannan ya fi min kuɗin ciwo.

Na kira, waya a kashe. Rasit ɗin banki da hirarmu da bidiyon duk suna nan, zan ɗora su anjima.

Kada ku karɓi itace da dare. Ku zaro daga ƙasan mota da kanku, ku faskara, ku ɗanɗana. Darbejiya ɗaci gare ta, kuma ba ta kai kirya nauyi ba. Wanda aka ɓare wa ɓawo ku bar shi.

Ga tulin nan a zaure, kullum sai na tsallaka shi in fita masallaci. Dubu 95. Ban yafe ba.